Furen Gadu: Ganyen Tabki da Ya Cancanci Fangali a Garkar Gida

A bakin tabkuna da gulabe na ƙasashenmu akwai wani tsiro mai yaɗo wanda dabbobi suka fi mutane saninsa. Kararsa na da rami a ciki, shi ya sa yake shimfiɗuwa bisa ruwa ba ya nutsewa. Ganyensa dogo ne mai tsini kamar kan mashi, furensa kuwa fari ko mai ɗan shuni, siffarsa kamar bakin kakaki. Hausawa na kiransa furen gadu, masu jin Faransanci suna cewa "liseron d'eau", masana tsirrai kuma suka raɗa masa suna Ipomoea aquatica. Ɗan'uwan dankali ne na jini, kuma duk wanda ya dubi furanninsu zai shaida haka.

Sunan nan na kimiyya ya fito ne daga Peter Forsskal, masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, wanda ya rasu a Yaman a shekarar 1763 yana cikin tafiyar bincike, aka kuma buga littafinsa a 1775. Amma tun kafin wannan lokaci mutanen kudancin Sin da maƙwabtansu suna noma shi. A Indonesiya da Maleshiya sunansa kangkung, a ƙasar Sin kuwa ana ce masa ganye mai zuciya fayau, saboda ramin kararsa. A Biyetnam da Tailan da Filifin yana daga cikin ganyayen da aka fi sa wa tukunya, matsayinsa a can kamar na yakuwa ko zogala a wajenmu.

Abin da ya sa ya dace da gidajenmu

Kowane magidanci ya san yadda ganye ke wuya idan bazara ta kankama. Salati da kabeji sun ƙare tare da sanyi, ganyayen daji ba su fito ba, miya ta koma ta kuka da busasshiyar kuɓewa. A daidai wannan lokaci ne furen gadu yake jin daɗi, domin shi tsiro ne mai son zafi. Ya fi girma idan zafi ya kai digiri 25 zuwa 30, kuma ba ya tsoron abin da ya fi haka muddin gindinsa na da laima.

Ganyensa na ɗauke da sinadarin da jiki ke juyawa zuwa bitamin A, wanda rashinsa ke jawo dundumi ga yara da mata masu juna biyu. Yana kuma da bitamin C da sinadarin ƙarfe mai taimaka wa jini. Ba magani ba ne, abinci ne, amma gidan da ake cin ɗanyen ganye dafaffe sau uku ko huɗu a mako ya toshe wata ƙofa daga ƙofofin rashin lafiya.

Yadda ake shuka shi daga iri

Iri biyu manoman Asiya suka sani. Akwai mai faɗin ganye wanda ake nomawa cikin ruwa kamar shinkafa, akwai kuma mai siririn ganye da farin fure wanda ake shukawa a ƙasa mai laima. Wannan na biyun shi ne ya dace da garka, kuma ana sayar da ƙwayarsa a cikin fakiti da sunan kangkong.

Ƙwayar tana da tauri, ɓawonta ba ya barin ruwa ya shiga da sauri. Saboda haka sai a jiƙa ta kwana ɗaya kafin shuka. Wadda ta kumbura ta shirya. Wadda ta ƙi kumbura sai a ɗan goga gefenta a kan dutse har ɓawon ya karce, a mayar da ita cikin ruwa.

Fangalin kuwa a yi shi a wurin da rana ke samu, a bar tsakiyarsa ya ɗan zurfafa, a tada gefensa domin ya riƙe ruwa. A kaftu ƙasa da kyau, a gauraya ta da ruɓaɓɓen takin awaki ko na shanu. Ɗanyen taki yana ƙone tsiro, yana kuma tahowa da ƙwayoyin cuta. Sai a yi ramuka masu zurfin santimita 1 zuwa 2, tsakanin rami da rami santimita 15, a jefa ƙwaya biyu ko uku a kowane, a rufe, a ba da ruwa a hankali. A lokacin zafi, cikin mako guda ko kwana 10 za a ga tsiro ya leƙo.

Wanda ba shi da fili kada ya ce abin ya wuce shi. Tsohon baho, rabin jarka ko buhun da aka cika da ƙasa da taki duk suna yi. Shi wannan tsiro ya fi son jan ciki a ƙasa bisa ga hawa, kuma duk gaɓar da ta taɓa ƙasa mai laima sai ta yi saiwa. Don haka ana iya yanko kara mai gaɓa uku ko huɗu a dasa, ya kama cikin ƴan kwanaki.

Ban ruwa shi ne jigon aikin. Kullum sau ɗaya, a cikin bazara kuwa safe da yamma. Idan ƙasa ta bushe, kara sai ta yi tauri, ganye ya ƙanƙance. Ruwan alwala da ruwan wankin hatsi ko shinkafa, waɗanda ake zubarwa a banza kowace rana, sun isa su ɗauki ƙaramin fangali idan aka yi masu hanya zuwa gare shi. Ruwan da ke da sabulu ko omo kam a nisanta shi. Lokacin shuka ya fara daga watan Maris, sa'ad da sanyi ya janye, har zuwa ƙarshen damina. A cikin hunturu girmansa na ja baya ƙwarai, kada mai garka ya zaci iri ne ya lalace.

Girbi da ajiyar iri

Bayan mako 4 zuwa 6 da shuka, idan tsiro ya kai kamu ɗaya da rabi, sai a fara yanka. A yanke sama, a bar gaɓa biyu ko uku a gindi, daga nan ne sabon toho zai fito. Bayan kamar mako biyu a sake yanka, a riƙa ƙara ɗan taki bayan kowane girbi. Fangali ɗaya yana iya ciyar da gida watanni.

Idan kaka ta gabato, yini ya fara gajarta, sai ya yi fure. A ware gindi biyu ko uku a daina yankansu. Furen zai zama ɗan ƙwanso mai ƙwaya har huɗu a ciki. In ya bushe a tsinke, a ƙara shanya shi a inuwa, a adana cikin kwalba mai murfi. Ta haka ba a sake sayen iri. Maƙiyansa kuwa su ne fara da tsutsa da ƙananan ƙwari masu huda ganye. Tsincewa da hannu da yayyafa ruwan da aka jiƙa dakakkun ƴaƴan bedi a ciki sun wadatar a ƙaramar garka. Awaki kuma sai shinge.

Inda ake bukatar hattara

Na farko, kama da wane ba wane ba ce. Duman kada, wanda wasu ke kira duman rafi, dangin furen gadu ne, yana yaɗo a bakin ruwa, furensa ma ya yi kama da nasa. Amma ganyensa kewayayye ne mai kauri, ba dogo mai tsini ba, kuma yana da guba da ke sa tumaki da awaki makyarkyata. Ba abin ci ba ne. Kada a aiki yaro ya tsinko ganye a tabki da zaton ya san bambanci, balle ma shiga irin wannan ruwa hanya ce ta kamuwa da tsargiya.

Na biyu, wannan tsiro yana zuƙar abin da ke cikin ruwan da ya tsiro a kai, har da gubar dalma da makamantanta. Wanda ya tashi a ruwan kwata ko kusa da majema da masana'antu bai dace da tukunya ba, ko da ya fi kowane kore. Haka nan a wasu ƙasashen Asiya an san wata tsutsar hanji da ke shiga mutum ta hanyar cin tsirran ruwa ɗanye. Don haka a wanke, a dafa.

Na uku, ƙarfin yaɗonsa na iya zama fitina. Idan ya samu ruwa a buɗe yakan rufe fuskarsa, ya toshe magudanai da hanyoyin ban ruwa. A Amurka dokar tarayya ta sa shi cikin jerin ciyayi masu ɓarna, a wasu jihohi ba a noma shi sai da izini. Kada a jefa ragowar kara a rafi ko a tabkin da gari ke sha, a ba dabbobi ko a sa cikin ramin taki. Kada kuma a bar ruwa kwance a baho kwana da kwanaki, domin gidan sauro ne. Laima ake so, ba kududdufi ba.

A cikin tukunya

Ganyen ba ya jimrin ajiya, a yanka da safe a ci a ranar. Ana cin ganyen da lallausar karar duka. Mutanen Asiya suna soya shi cikin ɗan mai da tafarnuwa da barkono na minti biyu ko uku. A wajenmu uwargida na iya tafasa shi kaɗan ta yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli da albasa, ko ta sa shi cikin dambu, ko ta zuba a miyar gyaɗa dab da saukewa. Ɗan man da ke cikin girkin yana taimaka wa jiki ya amfana da bitamin A, dogon dahuwa kuwa yana kashe amfanin ganye.

Tafin hannu ɗaya na iri da ruwan da dama zubar da shi ake yi, su ne jarin. Wanda ya shuka a watan Maris, kafin ruwan farko ya sauka iyalinsa sun ci ganye sau da yawa, ya kuma samu karan da zai miƙa wa maƙwabci ya dasa. Allah ya sa wa garakenmu albarka, amin.