2.3 Taƙaitaccen Tarihin Liv Ullmann da Ayyukanta

Wannan sashe zai yi tsokaci ne a kan Liv Ullmann, 'yar wasan kwaikwayo kuma marubuciya 'yar ƙasar Norwe. Sau da yawa akan ambace ta ne a jingine da sunan Ingmar Bergman, mai shirya fina-finai ɗan ƙasar Suwidin, tamkar ba ta da wani aiki nata na kanta. Manufar sashen ita ce a nuna cewa wannan fahimta ta gaza.

An haifi Ullmann a Tokyo a shekarar 1938, inda mahaifinta yake aikin injiniya. Bayan rasuwarsa a 1945, sai mahaifiyarta ta koma da ita garin Trondheim na Norwe. Ta fara yin fice a dandamali a garin Stavanger a 1957, lokacin da ta fito a matsayin Anne Frank. Daga nan ta koma manyan gidajen wasa na Oslo. Ke nan ta shafe kusan shekara goma tana wasa kafin fim ɗinta na farko da Bergman, wato Persona (1966).

A wannan fim ta fito a matsayin matar da ta daina magana, don haka da fuska da idanu ta isar da saƙo. Wannan salo shi ya zama alamarta. Sai dai fim ɗin da ya fara kai ta takarar lambar yabo ta Oscar, The Emigrants (1971), Jan Troell ne ya shirya shi. Haka kuma a 1975 ta fito a matsayin Nora a wasan Henrik Ibsen, A Doll's House, a birnin New York.

Ta fuskar rubutu, ta wallafa littattafai biyu a kan rayuwarta: Changing (1976) da Choices (1984). Bugu da ƙari, ta shirya fina-finai da kanta, kamar Sofie (1992) da Kristin Lavransdatter (1995). An karrama ta da Oscar ta girmamawa a 2022.

Daga abin da ya gabata, za a fahimci cewa Bergman ya fito da ita idon duniya, amma a dandamali ta samu horo, kuma da alƙalaminta ta ba da labarin kanta.