Tsohuwar mota a titunan Accra: kafin fenti, a fara duba ƙafafu

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin babban titin Nima ranar Sallah ya san yadda ido ke komawa kan tsohuwar mota idan ta sha wanki. Sabbin motoci za su yi ta wucewa ba mai kulawa, amma da Peugeot 504 ko tsohuwar Marsandi ta ɓullo, sai ka ji dattawa sun fara ba da labarin zamanin samartakarsu.

Wannan sha'awa na da tushe. Datsun 240Z, wadda ta fito a 1969, ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka a 1971 da 1973, ita ma 504 ta lashe a 1975. An gwada su a hanyoyi masu tsanani sun jure. Sai dai kuma sun haura shekara arba'in, kuma abin da ya fi gajiya a jikinsu ba ya ganuwa daga waje. Saurayi zai kashe kuɗinsa a fenti da manyan lasifikoki, sai ranar da ya hau kwanonin dutsen Aburi ya ji motar tana lilo kamar kwalekwale, sitiyari ba ya jin magana. A nan ne ake rasa rai.

Daga taya ake farawa. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Idan ka ga 2319, mako na 23 ke nan a 2019. Dokar hanya ta Ghana ta 2012, wato L.I. 2180, ta hana amfani da tayar da ta wuce shekara huɗu da ƙerawa. Tayar hom-yus na iya zuwa da zanenta raɗau amma robar ta bushe, kuma busasshiyar roba ba ta riƙe kwalta idan ruwa ya sauka.

Sai bushin, robobin da ke tsakanin ƙarafunan ƙafa. Zafi da man da ke ɗiga suna cinye su, ƙafar ta riƙa motsi inda bai kamata ba. Shi ya sa mota ke yawo a kan hanyar Tema ko da direba ya riƙe sitiyari cak. A sa fita ya ɗaga ta, ya girgiza kowace ƙafa, ya duba tayirod da boljoyin. Haka ma shokozoba: danna kusurwar motar da ƙarfi ka saki, idan ta ci gaba da rawa to ta mutu. Kuma bibbiyu ake canza su, hagu da dama tare. Bayan an gama duk wannan ne ake zuwa alaimen. Wanda ya fara da alaimen zai biya sau biyu.

Akwai kuskure biyu da matasa ke yawan yi. Na farko, yanke sifirin don motar ta kwanta ƙasa kamar ta tsere. A lungunan Maamobi da New Town, ga tudun rage gudu ga kwalbati ga ramuka, motar da aka sauke za ta yi ta dukan ƙasa, kuma idan sifirin ya ƙure a tsakiyar kwana taya na iya sakin hanya. Na biyu, ƙara kaurin sitabilaiza, sandar da ke haɗa ƙafar hagu da ta dama, ba tare da lissafi ba. Idan ta gaba ta yi ƙarfi da yawa, motar za ta ƙi shan kwana. Idan ta baya ce, gindin zai riƙa zamewa, wanda ya fi haɗari.

Kada a manta da iskar teku. Tsatsa na cin wurin da shokozoba ke zama a jikin bodi, kuma sabon kaya a kan ruɓaɓɓen ƙarfe asara ce. Man birki kuma yana shan laima, don haka a canza shi duk shekara biyu. Mai motar da sitiyarinta ke dama ya tuna cewa tun 4 ga Agusta 1974 Ghana ta koma tuƙi a hannun dama, saboda haka ba ya ganin gaba sosai idan zai wuce wata mota.

Kayan gyara kuwa, Abossey Okai ce kasuwa, ga Kokompe a Darkuman, in ya gagara a nufi Suame Magazine a Kumasi. A tafi da tsohon kayan a hannu a gwada, don kama da wane ba ta wane.

Takardar lafiyar mota ta DVLA wajibi ce, amma takarda ba ta riƙe mota a kwana. Wanda zai ɗauki iyalinsa zuwa filin Idi a motar da ta girme shi, amana ce ya ɗauka. A gyara ƙasa tukuna, fenti ya jira Sallah mai zuwa. Allah Ya kiyaye hanya.