Akwatin Kifin Teku: Wane Mataci Za A Fara Saye?

Malamai da dama masu koyar da ilmin halittu suna sha'awar kafa akwatin gilashi na kifin teku a makarantunsu, domin yaran da ba su taɓa zuwa bakin teku ba su ga irin halittunsa da idonsu. Niyya ce mai kyau. Amma kuɗin makaranta a ƙidaye suke, kuma wanda ya shiga kantin masu sayar da kayan nan zai tarar da na'urori iri iri, kowace ya taɓa mai kanti ya ce ita ce ran kifi. Saboda haka muka ga ya kyautu mu bayyana abin da ya wajaba a saya, da abin da za a iya jinkirtawa.

Da farko sai a san abin da ke kashe kifi a akwati. Ba dattin da ido ke gani ba ne. Kifi yana fitar da wata guba mai suna amoniya daga jikinsa, haka kuma ragowar abinci idan ta ruɓe. A teku yawan ruwa yana shanye ta, amma a akwati mai cin lita 150 ba ta da wurin zuwa. Ga shi kuma ruwan teku ya fi ruwan kogi karkata wajen kanwa, ma'auninsa na pH wajen 8.2 ne, kuma duk sa'ad da ma'aunin nan ya hau da lamba 1, kason amoniya mai cutarwa yakan ninka kusan sau 10. Watau abin da kifin kogi zai jure, na teku ba zai kwana a cikinsa ba.

Masu kawar da gubar nan a kullum su ne ƙwayoyin bakteriya, halittun da ba a ganinsu sai da madubin likita. Wani jinsi yana mai da amoniya naitirayit, ita ma guba ce. Wani jinsin ya mai da naitirayit naitiret, wadda cutarta kaɗan ce in ba ta taru ba. Ƙwayoyin nan suna bukatar wurin maƙalewa da ruwa mai gudana ɗauke da iskar oksijin. To, ashe babban mataci gida ne da aka gina wa bakteriya, kuma babu gidan da ya fi dutsen murjani mai ramuka, wanda masu sana'ar ke kira dutse mai rai. Wani mutumin Jakarta ta ƙasar Indonesiya, Lee Chin Eng, ya bayyana wannan hanya a 1961: dutse, da yashi, da iska, ba wani abu. Kimanin kilo 1 na dutse ga kowace lita 10 ya isa. A yau ana samun busasshen dutse, da wanda aka ƙera, sai a zuba masa ƙwayoyin daga kwalba. Mu mun fi son wannan, don ya fi araha, kuma ba a fasa gidan murjani a teku ba saboda shi. Dutsen yana da wata fa'ida kuma: can cikin ramukansa inda oksijin ta yi ƙaranci, waɗansu ƙwayoyi suna rage naitiret ɗin kanta.

Dutse ba ya aiki a ruwan da ke kwance. A shekarun 1840 wata Baturiya, Anna Thynne, ta raya murjani a gidanta na Landan, kuma kowace rana sai an sheƙa ruwan daga wannan mazubi zuwa wancan a bakin taga, kamar mai sheƙa kunu don ya huce. Aikin nan ƙaramin injin famfo ne ke yinsa yanzu. A nemi wanda zai juya ruwan akwatin aƙalla sau 10 a awa, a kuma karkata bakinsa sama domin fuskar ruwa ta riƙa motsi. Ƙanana biyu sun fi babba ɗaya, don in ɗaya ya tsaya ɗayan na aiki. Inda wutar lantarki ke yawan ɗaukewa kuwa, a sayi injin hura iska mai aiki da batir tun kafin a sayi kifi ko ɗaya.

Sai na'urar kwashe kumfa. Wanda ya taɓa ganin kumfar da igiyar ruwa ke tarawa a gaɓa ya ga yadda take aiki. Tana hura ƙananan kumfa cikin wani bututu, maiƙo da narkakken datti su manne musu, su hau sama su zube a kofi, a zubar da su tun ba su ruɓe sun zama amoniya ba. A ruwan gishiri ne kumfar ke tsayawa sosai, shi ya sa ba a cika ganin na'urar a akwatin kifin kogi ba. Haɗa ta da dutse mai rai da ruwa mai ƙarfin gudu shi ake kira tsarin Balin, da sunan birnin Jamus inda masu kiwo suka yaɗa shi. Tana da tsada. Akwatin da bai wuce lita 100 ba, mai kifi biyu ko uku, zai rayu ba tare da ita ba muddin ana canja kashi 10 cikin 100 na ruwansa kowane mako. Wanda ya fi haka girma, a ganinmu, kada a yi masa rowarta.

Abin da muke jan kunne a kansa shi ne matacin nan mai kama da rufaffiyar tukunya, cike da soso, wanda ake ajiyewa ƙarƙashin tebur. Yana tare datti ƙwarai, amma dattin na nan cikin ruwan da ke zagayawa, yana ruɓewa yana ƙara naitiret, sai fa in ana buɗe shi a wanke duk mako. In wuta ta ɗauke na awoyi, oksijin da ke ciki ta ƙare, ƙwayoyin su mutu, wuta na dawowa ya kwarara ruɓaɓɓen ruwa kan kifi. Ɗan soso a fili, wanda ɗalibi zai iya cirewa ya ɗauraye, da ƙunshin gawayi na musamman mai tsotse launi da wari, sun wadatar.

Akwai kuma matacin da ba a cikin akwatin yake ba, kuma shi aka fi mantawa. Ruwan famfo yana iya zuwa da kulorin, na rijiya da naitiret ko ƙarafa, kuma jan ƙarfe ko kaɗan ne yana kashe jatan lande da murjani. Na'urar da ake kira RO, mai matsa ruwa ta cikin wata siririyar fata, ita ke raba shi da waɗannan. Cikin ruwanta ake narka gishirin da aka harhaɗa don kifin teku, har a kai wajen giram 35 a lita. Gishirin miya ba zai yi ba, ko da na Bilma ne, don ruwan teku yana da magniziyam da kalsiyam da waɗansu ma'adinai da yawa. Da hunturu ruwa yakan ƙafe da sauri ya bar gishirinsa a baya, sai a riƙa cikawa da ruwan da ba gishiri.

Bayan an haɗa kome, akwatin zai zauna ba kifi mako 4 zuwa 6. A jefa ɗan abinci ya ruɓe domin ƙwayoyin su sami abin ci, a riƙa auna ruwan da magungunan gwaji, ɗalibai suna rubuta sakamako a allo. Za su ga amoniya ta hau ta sauka, naitirayit ta biyo bayanta. Ran da duka biyu suka koma 0, sai a saka kifi biyu, a dakata mako 2 ko 3 kafin a ƙara wani.