Abin da ya sa soket ke narkewa: lissafin wutar lantarki da ya kamata kowane mai shago ya iya

A unguwanninmu irin su Sabo ta Ibadan, Agege da Mile 12 a Legas, sau da yawa soket ɗaya ne ke ɗauke da shago ko ɗaki baki ɗaya. A kansa ake jona dutsen guga, firji, fanka da cajar waya. In wayar ta narke sai a ce laifin Nepa ne. Wani lokacin haka ne, amma galibi kaya muka ɗora mata fiye da ƙarfinta, kuma da ɗan lissafi mutum zai gane tun kafin ya ji ƙauri.

Abubuwa huɗu ake aunawa. Ka ɗauki tankin ruwa da ke sama da bututun da ya sauko daga gare shi. Ƙarfin da ke turo ruwan shi ne boltej, ana auna shi da bolt (V). Yawan ruwan da ke wucewa shi ne karan, ana auna shi da amfiya (A). Ƙuncin bututun da ke hana ruwan gudu shi ne turjiya, ana auna ta da om. Aikin da wutar ke yi kuwa, wato abin da na'ura ke ci, da wat (W) ake auna shi.

Ƙa'idojin biyu ne. Ta farko wani Bajamushe, Georg Ohm, ya wallafa ta a 1827: ka raba bolt da amfiya, ka sami turjiya. Ta biyu: ka ninka bolt da amfiya, ka sami wat. In wat ɗin ka sani, sai ka raba shi da bolt ka sami amfiya.

Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce in ta zo cikakkiya. Juya dutsen gugarka ka duba rubutun da ke jikinsa. A ce an rubuta 1000W. Raba 1,000 da 230, zai ba ka amfiya 4.3. Raba 230 da 4.3, turjiyarsa kusan om 53 ke nan. Butar dafa ruwa mai 2000W kuma tana jan amfiya 8.7.

To ga inda matsalar take. Filogi mai ƙafa uku da muke amfani da shi iyakarsa amfiya 13, wato wat 2,990. Dutsen guga da butar nan kaɗai sun kai wat 3,000, sun riga sun haura, tun ba a sa firji ba. Wannan ma in estenshin ɗin mai kyau ne. Na arha da yawa wayarsu siririya ce, ba ta kai wannan ƙarfin ba.

Waya ita ma tana da turjiya, kuma zafin da take yi shi ne amfiya sau amfiya sau turjiya. A ce bakin soket ya yi sako-sako har turjiyar wurin ta kai rabin om. Da amfiya 5, zafin wat 12.5 ne. Da amfiya 10 ya koma wat 50, duk a wurin da bai fi ƙwayar wake ba. Kaya sun ninka biyu, zafi ya ninka huɗu. Daga nan roba ke narkewa, in akwai buhu ko katifa kusa kuma sai gobara, Allah ya kiyaye.

Abin da muke kira "lo karan" a gaskiya boltej ne ya faɗi. In ya sauko 180, dutsen gugar nan mai om 53 amfiya 3.4 zai ja, wat 612 kacal, shi ya sa ba ya yin zafi. Firji da injin jan ruwa lamarinsu daban ne: suna da mota a ciki, lissafin a kansu ƙiyasi ne, suna jan wuta ninkin-ba-ninkin lokacin tashi, kuma wuta mai rauni na iya ƙona su. A kashe su har ta daidaita.

Lissafin yana taɓa aljihu ma. Yunit ɗaya a mita shi ne wat 1,000 na tsawon awa guda. A Afrilun 2024 hukumar NERC ta kai kuɗin yunit na 'yan Band A naira 225. A wannan farashin, mai wanki da guga da ya yi awa 5 dutsensa na ci ya sha yunit 5, naira 1,125. Fanka mai wat 70 a awannin nan ba ta kai naira 80 ba. Don haka a gidan haya mai mita ɗaya, raba kuɗi daidai-wa-daida ba adalci ba ne; a duba wat da awannin kowa.

Shawara dai: a haɗa wat ɗin duk abin da ke kan estenshin ɗaya, kada ya kusanci 3,000. Masu ɗumama abu, irin hita da dutsen guga, a ba kowanne soket ɗinsa na bango. Fiyus in ya ƙone a sayi wani, kada a ɗaure shi da waya. Filogi in ya yi zafi a hannu, a cire shi a kira mai gyaran wuta.