Daga Allo Zuwa Zauren Nuni: Ibrahim al-Salahi, Mai Zane Kuma Malamin Zane

Sunan Ibrahim al-Salahi ba baƙo ba ne ga masu nazarin zane-zanen Afirka na zamani, amma kaɗan ne suka san shi daga cikin ɗaliban harshe da al'adu a ƙasar Hausa. Wannan kuwa rashi ne, domin matsalar da ya yi fama da ita a farkon aikinsa ita ce ke fuskantar duk wanda ya koyo wani fanni a ƙasar waje, ya komo gida domin ya koyar da shi, sa'an nan ya tarar mutanen gida ba su ga abin da ya shafe su a ciki ba. Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun aikinsa, tare da nuna yadda wannan matsala ta sauya masa hannu, ta kuma sauya abin da ake koyarwa a kwalejin zane ta Hartum.

Tashinsa da karatunsa

An haifi al-Salahi a Umdurman ta ƙasar Sudan a shekarar 1930. Mahaifinsa malami ne mai makarantar allo, irin wadda mutanen Sudan ke kira halwa. Saboda haka farkon abin da yaron ya riƙe na rubutu shi ne alƙalamin kara da tawada da allo, kuma ya tashi yana ganin ƙawar da ake yi wa allon ɗalibi idan ya kai wani mataki na karatu, watau abin da Bahaushe ke kira zayyana. A lokacin babu wanda ya ɗauki waɗannan abubuwa a matsayin darasin zane, har shi kansa. Karatu ne kurum.

A 1949 ya shiga sashen koyon zane na Kwalejin Godon da ke Hartum, wadda Turawan mulkin mallaka suka kafa. A 1954 gwamnati ta tura shi makarantar zane ta Slade da ke cikin Jami'ar Landan, inda ya zauna har 1957. Can ya ƙware a kan abin da makarantun Turai ke koyarwa: zana mutum kamar ya yi magana, auna nisa da kusa a kan shafaffen ƙyalle, sarrafa haske da inuwa da fentin mai. Ya kuma je Italiya ya duba ayyukan magabata irin su Jiyoto. Ya komo gida ƙasarsa tana da shekara ɗaya da 'yan watanni da samun mulkin kai, aka ba shi aikin koyarwa a kwalejin zane ta Hartum.

Nunin da ba a zo kallo ba

A nan ne labarin ya fara ɗaukar ma'ana. Sabon malamin ya shirya nunin ayyukansa a Hartum, ya rataya hotunan mutane da na shimfiɗar ƙasa da na kayan marmari a kan tebur, duk bisa ƙa'idar da ya koyo. Kamar yadda ya sha faɗa daga baya a hirarrakin da aka yi da shi, jama'a sukan zo ranar buɗewa, su sha lemo, su gaisa, su watse, ba mai komowa. Ba wai an soki aikin ba ne. Da an soke shi ma da sauƙi. An dai wuce shi ne kamar ba a gani ba.

Da yawa daga cikin 'yan boko na wancan zamani, idan suka gamu da irin wannan, sukan ɗora laifin a kan jahilcin jama'a, su ci gaba da yin aiki domin baƙi da ma'aikatan ofisoshin jakadanci. Al-Salahi bai bi wannan hanya ba. Ya tambayi kansa ne: mene ne mutanen nan ke ratayawa a ɗakunansu, mene ne idonsu ya saba hutawa a kai? Da ya shiga gidaje da kasuwanni da ƙauyuka yana dubawa, sai ya ga ayoyi da aka rubuta da kyakkyawan hannu, da tabarmi da faifai masu launi, da aikin fata, da sassaƙen ƙwarya, da layu da hatimai. Watau jama'ar da ake cewa ba su san zane ba, a cikin zane suke kwana suke tashi, sai dai ba irin na Slade ba.

Matakin farko da ya ɗauka ƙarami ne. Ya riƙa rubuta 'yan kalmomin Larabci a kusurwar zanensa, kamar yadda ake manna kan sarki a jikin ambulan. Sai ya lura mutane sun fara matsowa domin su karanta, idan sun karanta kuma su tsaya su dubi sauran. Harafi ya zama ƙofa. Daga nan ya ci gaba da abin da ya fi wannan wuya, ya shiga warware haruffan kansu, yana jan wutsiyar wannan, yana buɗe cikin wancan, har ma'anar kalma ta ɓace, siffar harafi kaɗai ta rage. A cikin filin da ke tsakanin layukan sai wasu halittu suka fara bayyana: dogayen fuskoki masu zurfin ido kamar na dodanni, tsuntsaye, dabbobi, jinjirin wata. Ya kuma rage launukansa zuwa na ƙasar da yake takawa, watau jar ƙasa da ruwan ƙasa da rawaya mai duhu da baƙi da fari. Babban aikinsa na wannan zamani, wanda ya fara a 1961 ya gama a 1965, sunansa na nufin sautukan mafarkin ƙuruciya da aka sake haifa, kuma gidan adana zane na Tate da ke Landan ya mallake shi daga baya.

Ya kamata a lura da bambancin wannan da aikin marubucin Alƙur'ani ko mai zayyana. Marubuci yana ƙawata harafi ne domin a karanta shi, kuma akwai iyakar da ba zai ƙetare ba. Al-Salahi kuwa ya ɗauki motsin hannun marubuci ne da horon da allo ke yi wa ido, ya kai su inda ba karatu ake nema ba. Wanda ya yi makarantar allo yakan ji ya san layin, ko da ba zai iya karanta kome a ciki ba.

Malami da makarantarsa

Da a ɗakin aikinsa kaɗai ya yi wannan bincike, da labarin bai wuce na mutum ɗaya ba. Amma malami ne, kuma yana da abokin tafiya a kwalejin, Ahmad Shibrain, wanda aka haifa a 1931 ya rasu a 2017, shi ma ya yi karatu a Landan, shi ma ya koma ga harafin Larabci, ko da yake nasa hannun ya fi karkata ga baƙar tawada da tsarin adon shafi. Tsakaninsu suka juya akalar koyarwa. Ɗalibin da a dā ake sa shi ya kwaikwayi hoton da aka kawo daga Turai, yanzu ana sa shi ya dubi abin da masu sana'ar garinsu ke yi, ya koyi yadda suke raba fili da haɗa launi, sa'an nan ya gina nasa a kai. Ba a jefar da darasin Slade ba, domin har yanzu sai ɗalibi ya iya zana hannu da ƙafa daidai, amma ya daina zama ma'aunin da ake auna kome da shi. Denis Williams, mai zane ɗan ƙasar Gayana wanda ya koyar a kwalejin daga 1957 zuwa 1962, shi ake jingina wa laƙabin da ya bi wannan tafarki, watau Makarantar Hartum.

Nijeriya tana da hannu a fitowar sunansa. A 1961 ƙungiyar marubuta da masu zane ta Mbari da ke Ibadan, wadda Ulli Beier na cikin waɗanda suka kafa ta, ta nuna ayyukansa, ta kuma buga ɗan littafin zane-zanensa a shekarar da ta biyo. Abin sha'awa shi ne a daidai wannan lokaci wasu ɗaliban kwalejin Zariya, waɗanda suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958, suna kan irin wannan nema. Uche Okeke ya koma ga uli, zanen jiki da na bango na matan Ibo, kamar yadda al-Salahi ya koma ga allo. Babu wanda ya koya wa wani. Ciwo ɗaya ne ya kai su ga magani iri ɗaya. A 1962 ya sami tallafin UNESCO ya zaga Amurka, a 1966 kuma ya jagoranci tawagar Sudan zuwa bikin fasahar baƙar fata na farko a Dakar.

Sai dai tafarkin bai tsira daga suka ba, kuma sukar daga cikin gida ta fito. Kamala Ibrahim Ishak, wadda ta yi karatu a kwalejin a zamanin da yake koyarwa, daga baya ita ma ta zama malama a can, ta haɗu da wasu ɗalibanta suka fitar da wata sanarwa a 1976 suna neman a fita daga ƙangin gado. Wasu matasan, irin su Hasan Musa, suka ce haɗa harafin Larabci da siffofin Afirka ya zama wata riga da hukuma ke sa wa ƙasar domin ta rufe saɓanin da ke tsakanin al'ummunta. Akwai gaskiya a wannan suka, musamman game da mabiya waɗanda suka mayar da binciken malaminsu ya zama girke-girke: a zuba harafi, a yafa jar ƙasa, a kai kasuwa. Amma ba ta kama shi kansa sosai ba, domin kafin a fara sukar ya riga ya wuce wurin. Kuma kasancewar ɗaliban kwalejin sun iya tsayawa su yi gardama da malamansu a kan ma'anar gado, ba a kan ko sun iya kwaikwayon Turai ba, shi kansa amfanin koyarwar ne.

Ofis da kurkuku

A 1969, shekarar da Ja'afar Numairi ya karɓi mulki, al-Salahi ya bar aji ya koma aikin gwamnati. Ya yi aikin kula da al'adu a ofishin jakadancin Sudan a Landan har 1972, sa'an nan ya komo ya riƙe babban muƙami a ma'aikatar al'adu da watsa labarai. A watan Satumba na 1975 aka yi yunƙurin juyin mulki wanda bai ci nasara ba, aka kama shi bisa zargin yana da hannu, aka tsare shi a kurkukun Kobar wata shida da 'yan kwanaki ba tare da an kai shi gaban alƙali ba.

A kurkukun an hana fursuna riƙe takarda ko fensir. Shi kuwa ya sami guntun fensir ya ɓoye, yana yayyaga takardar buhun siminti ƙanana-ƙanana yana zane a kai, idan ya ji tafiyar gandiroba ya binne a cikin rairayi. Tun da takardar ba ta da faɗi, sai ya riƙa fara zane daga ƙwaya ɗaya a tsakiya, ya ƙara wata takardar a gefe, zanen ya yi ta yaɗuwa kamar tsiro. Wannan dabara da tilas ta haifa ita ce ya riƙe bayan an sake shi. Ita ce ginshiƙin babban aikinsa na baƙar tawada mai suna The Inevitable, watau abin da ba makawa, wanda ya yi a 1984 zuwa 1985 a kan fallaye 9, yana nuna jama'a sun ɗaga hannu sun tasar wa azzalumi. A 1985 ɗin ne kuwa boren jama'a ya kawo ƙarshen mulkin Numairi. Littafin zane da rubutu da ya cika a 1976, yana zaune a gida bayan fitowarsa, an buga shi a 2018.

Ya bar Sudan a 1977 ya koma Katar, inda ya yi shekaru yana aiki a ma'aikatar watsa labarai, yana zane a lokacin da ya samu, galibi da baƙi da fari. A 1998 ya koma Okusfod ta Ingila da zama.

Gawo

A Okusfod launi ya komo hannunsa, tare da wani jigo da Bahaushe zai gane nan take. Ya yi jerin zane-zane masu yawa a kan itacen da mutanen Sudan ke kira haraz, wanda ba wani ba ne illa gawo, mai zubar da ganye da damina lokacin da kowane itace ke kore, ya kuma yi ganye da rani lokacin da sauran suka bushe. A waɗannan ayyuka babu reshe ko ganye da za a nuna da yatsa. Layi ne miƙaƙƙe daga ƙasa zuwa sama, da wasu layukan a gicciye waɗanda aka ja da ma'auni, har wani zanen ya fi kama da shafin da aka shirya domin rubutu.

A 2013 gidan Tate Modern ya shirya nunin ayyukansa na tsawon rayuwa, fiye da guda 100, bisa kulawar Salah Hasan, masani ɗan Sudan mai koyarwa a Jami'ar Konel ta Amurka. Shi ne ɗan Afirka na farko da gidan ya yi wa irin wannan nuni, yana da shekara 82 a lokacin buɗewa. Da ciwon baya ya hana shi tsayuwa gaban babban ƙyalle, sai ya koma zane a zaune a kan ambulan da kwalayen maganin da yake sha, yana buɗe kwalin ya bi lanƙwasarsa da alƙalami. An nuna jerin irin waɗannan ƙananan zane-zane a babban nunin birnin Banis na Italiya a 2022.