Zafin Da Ke Maƙale Tsakanin Kwano Da Silin

Daga Maris zuwa Mayu zafi a Sabon Birni da Isa na jihar Sakkwato kan haura digiri 40, kwanon da ya sha ranar azahar kuwa yana iya wuce 60. Tsohon soron da Gobirawa suka gada, mai azarar giginya da ƙasa mai kauri a kai, yana tare wannan zafi da rana, in dare ya yi kuma a baje tabarma a tsakar gida. Yanzu kwano ya kori soro, rashin tsaro ya hana mutane da dama kwanan waje, ga 'yan uwa da suka gudo daga ƙauyuka an cunkushe da su a ɗaki guda.

Magidanci kan ɗauka da zarar ya buga silin an gama. Da sauran aiki. Iskar da ke tsakanin kwano da silin tana ɗaukar zafi, in birkila ya toshe ko'ina da siminti ba ta da mafita, sai ta yi ta dafa silin ɗin har bayan isha'i. Iska mai zafi sama take yi, don haka kafa biyu ake buƙata: ɗaya a ƙasa, ƙarƙashin bakin kwano, inda sabuwar iska za ta shiga, ɗaya can kusa da ƙololuwar rufi inda mai zafin za ta fice. Bulo mai huda ya isa, amma a sa masa raga, in ba haka ba jemage da ɓera sun sami masauki.

Wanda bai da kuɗin silin na kanti, asabari ko zana ma suna rage zafi, muddin an nisanta su da wayar lantarki. Tsohon silin na asbesto kuma kada a fasa shi ko a yanka shi da zarto, ƙurarsa na haddasa cutar daji a huhu.

Farin fenti a bayan kwano shi ma ba ado ba ne. A birnin Ahmedabad na Indiya, inda zafin 2010 ya kashe mutum fiye da 1,300, hukuma ta rungumi shafa wa rufin talakawa farin fenti saboda yana mayar da hasken rana.

Batun ya wuce gumi da rashin barci. Sanƙarau ya fi yaɗuwa da rani a ɗakin da ke cike da jama'a babu iska. Annobar 1996 ta kashe fiye da mutum 11,000 a Najeriya, ta 2017 kuwa daga Zamfara maƙwabciya ta taso ta shigo jihar Sakkwato.

Duk mai shirin yin rufi bana, ya zauna da kafinta da birkila tun kafin a ɗora katako, su nuna masa inda iska za ta shiga da inda za ta fita, a kuma bar tagogi biyu masu fuskantar juna.