Dogon hutu: A ba yaro karatu kamar yadda ake ba shi magani



Zangon karatu na uku ya ƙare, yara sun dawo gida da sakamakon jarrabawa. A ƙasan jaka kuma akwai wata takarda da malami ya rubuta aikin hutu: littafi kaza za a karanta, shafi kaza za a cike. A gidaje da yawa a nan Jalingo, daga Sabon Gari zuwa Magami da Mayo Gwoi da Nukkai, ba za a sake ganin wannan takarda ba sai ana saura kwana biyu a koma makaranta a watan Satumba. Ranar ne hankalin gida zai tashi: uwa na faɗa, yaya na rubuta rabi, yaro na kwafe sauran yana hawaye. A kai wa malami ya sa hannu, kowa ya huta. An yi aikin, amma yaron bai karanta komai ba.

Mu masu harhaɗa magunguna abu na farko da muke jaddada wa majiyyaci shi ne awo da lokaci. Maganin kwana uku idan aka haɗiye shi a zama ɗaya ba ya warkarwa, sai dai ya jawo wata illar. Haka karatun hutu yake. Amfaninsa yana cikin a yi kaɗan-kaɗan kullum, da littafin da ya yi daidai da ƙarfin yaro, kuma babba yana kusa yana sauraro.

Me ya sa ’yan aji huɗu zuwa shida?

Daga aji ɗaya zuwa uku yaro koyon karatu yake yi. Daga aji huɗu kuwa ana sa ran ya riga ya iya, don haka da karatun ne zai koyi sauran darussa: kimiyya, zamantakewa, har da lissafin da ake rubuta tambayarsa da kalmomi. Wanda ya shiga wannan mataki yana hardar baƙi ɗaya-ɗaya, duk darussan ne za su tsere masa, sai a ce ba ya da ƙoƙari alhali ƙofa ɗaya ce ta rufe masa.

Akwai kuma batun harshe. Kundin tsarin ilimi na ƙasa bugun 2004 ya tanadi a koyar da yaro da harshen gida ko na yankinsa a shekara ukun farko, sannan daga aji huɗu Turanci ya karɓi aiki. To, ku dubi ɗan Jalingo. Wani Fulatanci ake yi a gidansu, wani Mumuye, wani Kona, a layi da kasuwa Hausa, a aji Turanci. Idan ya yi mako shida ko bakwai bai haɗa ido da rubutu ba, Turancin da bai gama zama ba shi zai fara zubewa. Ga shi a ƙarshen aji shida akwai jarrabawar shiga sakandare, ciki har da wadda hukumar NECO ke shiryawa don makarantun Gwamnatin Tarayya, irin Kwalejin ’Yan Mata ta Jalingo da Kwalejin Wukari.

A shekarar 2023 Gwamna Agbu Kefas ya ayyana ilimi kyauta a makarantun firamare da sakandare na gwamnatin Jihar Taraba. Wannan ya sauke wa iyaye nauyi, ya kuma kawo ƙarin yara makaranta. Sai dai malami ɗaya a aji mai cike da ɗalibai ba zai iya zama ya saurari karatun kowane yaro ba. Wannan sauraro a gida kaɗai ake samun lokacinsa.

Matsalar ba tamu ce mu kaɗai ba. Rahoton da Bankin Duniya ya fitar tare da UNESCO da UNICEF a 2022 ya ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na yara ’yan shekara 10 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ba sa iya karanta gajeren labari su fahimce shi. A Afirka kudu da Sahara kuwa kusan yara 9 ne cikin 10.

Game da hutu, a 1996 wani masani a Amurka mai suna Harris Cooper da abokan aikinsa sun tattara bincike da dama, suka gano cewa dogon hutu kan cinye wa yaro kimanin karatun wata ɗaya, kuma ’ya’yan marasa ƙarfi ne suka fi komawa baya a karatu. Hutunsu ya fi namu tsawo, amma dalilin iri ɗaya ne: gidan da babu littafi, karatu kan tsaya ranar da aka rufe makaranta. A 2010 kuma Richard Allington da abokan aikinsa sun wallafa sakamakon wani gwaji, inda aka bar ’ya’yan talakawa suka zaɓi littattafai 12 da kansu suka tafi da su gida kowane dogon hutu har shekara uku. Da aka gwada su, sun fi takwarorinsu da ba a ba littattafan ba.

Awo da lokaci

Minti 20 a rana ya isa. Idan aka yi kwana shida a mako har mako shida, an tara awa 12 ke nan na karatu, ba tare da an hana yaro wasa ko aike ko zuwa gona ba. Yau da gobe ke sa allura ginin rijiya.

A tsayar da lokaci ɗaya kada a riƙa canzawa. Bayan karin kumallo ya fi, domin ciki a cike yake, ga hasken rana, ba a jiran a kawo wuta. Idan yaro na zuwa Islamiyya ko darasin coci da safe, a mayar da shi bayan la’asar. A kashe talabijin, a ajiye waya, har da ta uwa.

Aikin da malami ya bayar kuma a ɗauko shi tun makon farko a ƙirga shafukansa a raba su bisa makonni. Littafi mai shafi 60, shafi 10 ke nan a mako, bai kai biyu ba a rana. A rubuta a liƙa a bango, yaro ya riƙa soke abin da ya gama da kansa.

Ƙarfin littafi

Ba a ba ɗan shekara tara ƙwayar babba. Malamai suna da wata dabara ta auna littafi: a buɗe shafi ɗaya a tsakiya, yaro ya karanta a fili, duk kalmar da ta gagare shi ya lanƙwashe yatsa ɗaya. Idan yatsu biyar suka ƙare kafin shafin ya ƙare, littafin ya yi masa nauyi a yanzu. Idan biyu ne ko uku, ya yi daidai. In littafin da makaranta ta bayar ne ya yi nauyi, kada a jefar da shi. A karanta masa sakin layi ɗaya ya maimaita, sannan a nemo wani mai sauƙi da zai karanta shi kaɗai.

Kada a raina littafin Hausa. Yaron da ya saba haɗa baƙi da wasali yana bin labari a harshen da ya ji, wannan ƙwarewa tana bin sa zuwa Turanci. Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa har yanzu suna riƙe yara. A Turanci akwai Chike and the River na Chinua Achebe, wanda ya fito a 1966, da Eze Goes to School na Onuora Nzekwu da Michael Crowder. Idan kuɗin sabo bai samu ba, akwai masu sayar da tsofaffin littattafai a kasuwa, kuma gida huɗu ko biyar a layi ɗaya za su iya sayen ɗai-ɗai su riƙa musaya duk mako. A bar yaro ya sa baki a zaɓi. Wannan jarida da ke hannunku ma abin karatu ce.

Sauraro

Idan ya gama, a rufe littafin a yi masa tambaya uku: Me ya faru? Me ya sa? Me kake ganin zai biyo baya? Uwar da ba ta yi boko ba ita ma za ta iya. Ta ce, “Ba ni labarin da Hausa,” ko da Fulatanci ko Mumuye. Yaron da ya iya juya labari zuwa harshen gida ya fahimce shi. Wanda ya yi shiru yana sosa kai, baƙi kawai ya furta. Bayan nan ya rubuta layi uku a littafin rubutu na daban game da abin da ya karanta, ya sa kwanan wata.

Iyaye da yayye, don Allah kada a rubuta wa yaro aikin hutu. Tamkar a kai jinin wani ne ɗakin gwaji da sunan majiyyaci: sakamako zai fito lafiya lau, ciwo kuma yana nan. Kuskuren yaro shi ke nuna wa malami inda zai fara a sabon zango. Masu sa yara lesin na hutu kuma su tambaya: a cikin awannin nan, minti nawa yaro ke karatu da bakinsa wani yana ji? Idan kwafe allo ne kawai, ba a biya buƙata ba.

Kafin a ce yaro malalaci ne

Sau da yawa iyaye kan zo kantin magani neman “maganin ƙwaƙwalwa”. Babu wata ƙwaya ko ruwan kwalba da ke koya wa yaro karatu. Amma akwai larurorin jiki da ke hana shi, kuma hutu ne lokacin duba su.

Na farko ido. Yaron da ke manna littafi a fuska, ko yana ƙanƙance ido, ko yana kukan ciwon kai bayan ɗan karatu, ko ya ce ba ya ganin allo daga baya, a kai shi sashen ido, kamar na Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Jalingo, a auna shi. Wataƙila tabarau kawai yake buƙata. Kada a sayo maganin ɗigawa a kemis don ido na ƙaiƙayi. Wasu suna ɗauke da sinadarin sitiroyid, wanda yawan amfani da shi kan jawo hawan jinin ido da yanar ido.

Na biyu zazzabin cizon sauro. Dogon hutu a tsakiyar damina yake faɗowa, kuma maganin rigakafin da ake rabawa gida-gida da damina a jihohin Arewa na ’yan ƙasa da shekara biyar ne, bai haɗa da ’yan aji huɗu zuwa shida ba. Su kwana cikin gidan sauro. In zazzabi ya zo a yi gwajin jini tukuna. Idan an rubuta irin su Coartem, sau shida ake sha cikin kwana uku, tare da abinci mai ɗan maiƙo ko madara, kuma yawan ƙwayar bisa nauyin yaro ne. A shanye duka ko da jiki ya yi sanyi. Ranar da yaro ke zazzabi a ɗaga masa karatu.

Na uku ƙarancin jini da tsutsar ciki. Alamominsu su ne kasala, saurin gajiya, rashin natsuwa, da farin tafin hannu ko cikin fatar ido. A tambayi ma’aikacin lafiya game da maganin tsutsa irin albendazol, a kuma ƙara wake, ganye irin su zogale da alayyahu, kifi, ƙwai da hanta gwargwadon hali. Yaran da ke wanka a kogin Lamurde ko kududdufai a lura da fitsarinsu. Idan an ga jini, tsargiya ce ake zargi, tana da magani a asibiti, ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu ke ɗauka. Da ma shiga kogi da damina haɗari ne a kansa.

Na huɗu magungunan mura da ƙaiƙayi irin su Piriton, da wasu ruwan maganin tari. Suna sa gyangyaɗi. Yaron da aka ba irinsu da safe aka ajiye masa littafi, ba laifinsa ba ne idan ya yi barci a kai.

Na biyar barci. Ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar awa 9 zuwa 12 a kwana. A hutu ne yara ke raba dare a gaban fim ko waya. A mayar da lokacin kwanciya daidai tun ana saura mako biyu a koma.

Idan an duba duk waɗannan, an kuma yi wata guda ana karatu kullum, amma yaro ɗan aji biyar har yanzu yana rikita baƙaƙe ko ya kasa haɗa kalma mai gaɓa biyu, bulala ba za ta gyara ba. A sami malaminsa a makon farko na komawa, a tafi da littafin da ya riƙa rubutu a ciki, a zauna a tsara yadda za a taimaka masa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A yau ɗin nan, a zazzage jakar makaranta a nemo takardar aikin hutu. A ƙirga shafuka a raba, a sa lokaci, gobe da safe a zauna minti 20. Allah Ya raya mana zuri’a, Ya ba su lafiya da ilimi mai amfani. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.